Na'urar hangen taurari a Kebbi: ta kallo za ka saya ko ta ɗaukar hoto?

Mai neman na'urar hangen nesa matsakaiciya yakan zo da buƙata biyu. Yana son ya kafa idonsa ya ga zoben da ya kewaye duniyar Zuhalu, yana kuma son ya ɗauko hoton gajimaren taurari mai ja da shuɗi irin wanda yake gani a waya. Taura biyu ce wannan, ba ta taunuwa a lokaci ɗaya. Ido faɗin baki yake nema, domin abin da ya shiga masa a wannan ƙiftawar shi kaɗai zai gani. Kyamara kuwa tana iya tara haske na minti uku ko biyar, saboda haka ƙaramin baki ya ishe ta, muddin mazaunin da aka ɗora ta a kai zai bi tauraron ba tare da ya goce ba. Mai kallo kuɗinsa a madubi suke tafiya, mai hoto nasa a mazauni.

Na'urori uku ne suka cancanci a auna su: samfurin Dobson mai baki milimita 200, gajeruwar nan Schmidt-Cassegrain mai inci takwas irin Celestron NexStar 8SE, da ƙaramar mai gilashi ta milimita 80 irin Sky-Watcher Evostar 80ED a kan mazauni mai bin juyin sama. Amma kafin a taɓa su, a duba samaniyar da za a yi aikin a ƙarƙashinta, don mafi yawan shawarwarin da ke intanet mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta wa junansu.

Birnin Kebbi tana kan digiri 12 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Argungu ta ɗan ɗara haka, Zuru da Yauri suna wajen 11. Wannan rabo ne babba. Wata da Mushtari da Zuhalu da Mirriku suna bi ta kusa da tsakar ka, inda iskar da haskensu zai ratsa ba ta da kauri. Gajimaren Oriyon yana hawa sama da digiri 70. A kudu kuma akwai abubuwan da mutumin Ingila ba zai taɓa gani daga ƙofar gidansa ba: dunƙulen taurarin Omega Sentauri yana kai digiri 30, gajimaren Karina yana leƙowa wajen digiri 18. Cikas ɗin shi ne yanayi. Daga Yuni zuwa Satumba hadari ne, daga Disamba zuwa Fabrairu hazo, wani lokaci har Maris. Daren da sama ke wankewa tas ya fi yawa a ƙarshen Oktoba da Nuwamba, sai ɗaiɗaikun darare bayan an sha ruwa. A cikin waɗannan ma sai ka cire na farin wata. Duhun da ake so yana tsakanin 25 ga watan Musulunci da 4 ga mai bi masa. Hazo yana haɗiye abubuwa masu dishi-dishi, amma wata da Mushtari suna huda shi in bai yi kauri ba. Ma'ana, na'urar da ta iya wata da duniyoyi za ta yi maka aiki a darare da yawa fiye da wadda ba ta san komai ba sai gajimare masu nisa.

Sai maganar tsaro, wadda ba a ɓoye ta. Shawarar "ka fita bayan gari inda babu fitila" ba kowa za ta yi wa ba. Yawancin kallo a tsakar gida za a yi shi, ko saman bene, ko filin makaranta. In za ka fita da bututu mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai cikin dare, sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana, ka nuna musu abin, ka bar su su leƙa wata. Fitilar lesa mai kore da ake nuna taurari da ita, bar ta a gida.

Samfurin Dobson sunan John Dobson ya ci, mutumin da ya yaɗa shi a Amurka tun shekarun 1960, amma tsarin madubinsa na Newton ne tun 1668. Bututu ne buɗaɗɗe, babban madubi a gindi, ƙarami a karkace kusa da baki, yana zaune a kan akwatin katako da ke juyawa hagu da dama, sama da ƙasa. Babu batir, babu waya, babu kwamfuta. Nisan haɗuwar haskensa milimita 1200 ne. Ka raba wannan da lambar da ke jikin gilashin leƙawa, ka sami ninkin girma: na 25 ya ba ka ninki 48, na 10 ya ba ka 120, na 6 ya ba ka 200. Kada lambar da ake bugawa a kwali ta ruɗe ka. Iyakar ninki mai amfani ita ce faɗin baki sau biyu, wato 400 a nan, kuma iska ba kasafai take barin a wuce 200 zuwa 250 ba.

Bakin milimita 200 yana tara hasken da ya ninka na milimita 80 sau shida da ɗoriya, ya ninka na ƙwayar idon mutum wajen sau 800. A dare mai kyau za ka ga ɗamara biyu masu duhu a jikin Mushtari da watanninsa huɗu jere kamar ƙwayoyin tasbaha, za ka ga zoben Zuhalu, in zoben ya buɗe har tsagar da ke tsakiyarsa. Omega Sentauri takan warwatse ta zama kamar an zuba gero a baƙin faranti. Gajimaren Oriyon kuwa toka-toka zai fito, da fikafikai biyu, da taurari huɗu a cikinsa. Jan da ke hoto ba zai bayyana ba, domin idon ɗan Adam ba ya rarrabe launi a haske mai rauni. Gara a san wannan kafin a biya kuɗi.

Wahalarsa uku ce. Ta farko, sama tana juyawa digiri 15 a awa, don haka a ninki 200 Mushtari zai ratsa fagen kallo ya fice cikin kamar minti ɗaya, sai ka riƙa tura bututun da hannu a hankali. Ta biyu, abin da ke tsakar ka daidai yana da wuyar bi, don a nan juyin hagu da dama ba ya kai ka ko'ina. Ka jira rabin awa ya gota. Ta uku, saitin madubai. Kowace doguwar tafiya a mota tana iya gusar da shi. Gyaransa minti biyar ne da murfi mai ƙaramar huda a tsakiya: ka sa shi a gurbin gilashin leƙawa, ka juya ƙananan sukurori uku na ƙaramin madubi har ka ga maƙalai uku da ke riƙe da babban madubi sun bayyana daidai wa daida, sannan ka koma gindin bututu ka juya nasa har ɗan zoben da ke tsakiyar babban madubi ya hau kan hudar. Don tabbatarwa, nufi tauraro mai haske ka ɗan ɓata saitin gani. In zobban da suka fito suna zagaye da juna kamar faifai, ya yi. In sun tattaru gefe ɗaya, da saura.

Buɗaɗɗen baki a ƙasar hazo abin tsoro ne ga mutane, amma ƙura ba ta ɓata kallo kamar yadda ake zato. Abin da ke kashe madubi shi ne goge shi. Ƙurar hunturu tana da yashi a ciki, shafin alminiyon da ke fuskar madubin kuma bai kai kaurin gashi ba. Tsumma ɗaya ya isa ya zane shi har abada. Busa masa iska da roba mai matsawa, ka rufe baki da gindi duka in ka gama, ka ajiye bututun a kwance. Wanki sau ɗaya a shekara ko biyu ya isa: ciro madubin, jiƙa shi da ruwa mai ɗigon sabulun wanke kwano, ja auduga a kansa ƙarƙashin ruwa ba tare da dannawa ba, ka ɗauraye da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, wanda babu asid a ciki, ka jingine shi ya bushe da kansa. Akwatin gindin ma a kula da shi. Na kamfani da matsattsen garin katako ake yi, yana kumbura in ya sha laima, gara kuma ba ta raina shi. Kafinta mai hannu zai iya yin wanda ya fi shi da filawud mai kaurin milimita 18, in an ba shi awo. Wannan ma hanya ce ta rage kuɗin dako, domin Dobson kwali biyu ne manya, masu jigila kuma girman kwali suke caji, ba nauyi kaɗai ba.

NexStar 8SE bakinta milimita 203 ne, kusan ɗaya da na Dobson, amma an naɗe tafiyar haske mai milimita 2032 a cikin bututun da bai kai rabin mita ba. Duka da ƙafafunta wajen kilo 15 ce, mutum ɗaya zai hau da ita bene. Tana nemo tauraro da kanta, tana kuma bin sa, don haka in yara goma sun yi layi za su leƙa Zuhalu, na ƙarshe zai same shi inda na farko ya bar shi. Ga makaranta ko gidan da ke da jama'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A tsakiyar gari inda fitilu suka shafe ƙananan taurarin da ake bi a gane hanya, neman da take yi da kanta yana ceton dare guda.

Inda ake faɗuwa da ita shi ne wurin shigar da bayanai. Tana tambayar wata kafin rana, irin rubutun Amurka, saboda haka 5 ga Nuwamba 11/05 ne. Agogon Nijeriya awa ɗaya yake gaba da na Girinwic, kuma ba ma canza shi da rani ko damina, don haka a zaɓi lokacin dindindin, wato Standard Time. Birnin Kebbi tana wajen digiri 12 da minti 27 arewa, digiri 4 da minti 12 gabas. Wanda ya bar saitin a kan yamma maimakon gabas zai ga na'urar tana nuna masa bango. Bayan haka sai a nuna mata abubuwa uku masu haske da ke nesa da juna. Ƙananan batura takwas da take ɗauka ba sa jimawa, kuma da sun fara sanyi sai ta riƙa kuskure. A ba ta wutar volt 12 daga batirin sola.

Gilashin da ya rufe bakinta yana tare ƙura, amma shi ne farkon abin da raɓa ke kamawa. Wanda ke kusa da fadamar Argungu ko bakin Neja a Yauri zai ga kallo ya dushe kafin tsakar dare a watannin kaka. Maganinsa hular baki: tabarmar roba baƙa da aka naɗe ta zarce bakin da kamar santimita 30. Rufaffen bututu kuma yana riƙe zafi. In ta wuni a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fitar da ita inuwa tun la'asar sakaliya, ka ba ta aƙalla awa ɗaya, in ba haka ba Mushtari zai riƙa rawa kamar ana kallonsa ta saman murhu. Daɓen siminti ma yana fitar da zafin da ya sha har cikin dare; ƙasa ko ciyawa ta fi. Fagenta ƙunci ne da shi: da gilashin 25 tana ba da ninki 81, wata yana shiga da ƙyar, Kaza da 'ya'yanta kuwa ba za su shiga gaba ɗaya ba.

A hoton wata da duniyoyi, ita ce gaba a cikin ukun. Ba hoto ɗaya ake ɗauka ba, bidiyo ake yi da ƙaramar kyamarar falaki, mai ɗauke da dubban hotuna, sannan manhaja irin AutoStakkert ta zaɓi waɗanda iska ta lafa a cikinsu ta haɗa su. Ga Mushtari kada bidiyon ya wuce minti biyu zuwa uku, don yana kammala juyinsa cikin ƙasa da awa goma, zanen jikinsa zai shafe. Amma a hoton gajimare masu nisa tana da aibin da wurin zamanmu ya ƙara wa nauyi. Mazaunin da ke tafiya sama da ƙasa, hagu da dama, yana riƙe tauraro a tsakiya, sai dai sauran fagen yana juyawa a kewayensa. Wannan juyin ya fi tsanani kusa da layin da ya raba duniya biyu, mu kuma kusan a ƙololuwarsa muke. Bayan daƙiƙa 20 zuwa 30 taurarin gefe sun fara zama baka. Yana raguwa in abin yana gabas sak ko yamma sak, yana ƙaruwa a kudu da arewa da tsakar ka. Ga shi kuma in an rataya kyamara a bayanta aka ɗaga baki sama sosai, kyamarar tana iya dukan gindin mazaunin.

Wanda hoton gajimare ne ya hana shi barci, hanyarsa ta uku ce, kuma ya shirya: abin da zai kashe yana iya ninka kuɗin Dobson sau huɗu ko fiye, alhali 8SE wajen ninki biyu ce ko sama kaɗan. Evostar 80ED tana da nisan haske milimita 600. Da gilashin da ke daidaita gefen hoto ya rage nisan zuwa 510, gajimaren Oriyon da Kaza suna shiga da sarari. Gajeren nisa yana yafe kuskure. Kyamarar da girman kowane ɗigon hotonta maikuron 3.76 ne, a kan 510 tana ɗaukar kusan daƙiƙar kusurwa ɗaya da rabi a kowane ɗigo (daƙiƙar kusurwa kashi ɗaya ce cikin 3600 na digiri). A kan 2032 na 8SE bai kai rabin daƙiƙa ba, wato girgizar da ba za ta bayyana a ta farko ba, a ta biyu sai ta ja layi. Tazarar da ke tsakanin wannan gilashin da idon kyamara milimita 55 ce. In ta kauce da biyu ko uku, taurarin kusurwa za su yi tsawo kamar shinkafa.

Mazauni irin HEQ5 Pro shi ne zuciyar aikin. An rubuta masa ɗaukar kilo 13 da wani abu, amma don hoto kada kayan su wuce kashi biyu cikin uku na wannan. Dole sandarsa ta nufi tsakiyar juyin sama ta arewa, a nan kuma Kebbi take da nata ƙalubale. Tauraron arewa digiri 12 kacal yake sama da ƙasa. Katanga mai mita biyu da rabi za ta rufe shi sai ka ja baya kamar mita shida, a hunturu kuma wannan sashen na sama shi ne hazo ya fi cikawa. Mafita ita ce saiti da kyamara: manhajar NINA, wadda kyauta ce, tana da hanyar ɗaukar hoto a wurare uku ta gaya maka yawan juyin da kowane sukuri yake buƙata, ba sai ta ga tauraron arewa ba. Da ka samu daidai, yi wa gurbin ƙafafu uku alama da fenti a ƙasa, gobe ka huta. Abu na biyu, da yake kan mazaunin yana kwanciya sosai a nan, ƙarafan daidaita nauyi suna saukowa har su iya bugun ƙafar da ke arewa. A sayi ƙarin wuya da ke ɗaga kan, tun a odar farko. Juya shi da hannu ta kowane gefe kafin ka kunna, ka tabbata babu inda yake taɓawa.

Don buɗe kyamara minti uku zuwa biyar ana buƙatar ƙaramar na'urar hangen nesa ta rakiya, mai baki milimita 30 ko 50, da tata kyamarar da ke sa ido a kan tauraro ɗaya, manhajar PHD2 tana gyara tafiyar mazaunin. Ana ɗaukar hotuna 40 ko 60, a haɗa da waɗanda aka ɗauka da murfi a rufe, da na farin fage, wato hotunan fili mai haske bai-ɗaya, masu goge inuwar ƙura, a tara su a manhajar Siril ko DeepSkyStacker. Na farin fagen nan a ƙasarmu wajibi ne kowane dare. Zafi ma yana shiga hoto: ƙazantar da idon kyamara ke haifarwa tana ninkuwa a kusan kowane ƙarin digiri shida, shi ya sa kyamarar hoto ta yau da kullum takan yi tsabta a daren Janairu ta yi yashi-yashi a Afrilu. Kyamarar falaki mai sanyaya kanta tana sauka kamar digiri 35 ƙasa da iskar wurin. A daren bazara a tsayar da ita a sifili, kada a matsa mata. Wuta kuwa a lissafa: mazauni, sanyaya kyamara, ɗamarar da ke ɗumama gilashi don korar raɓa da ƙaramar kwamfuta suna jan amfiya huɗu zuwa biyar. Awa shida ya zama kusan amfiya-awa 30, batirin dalma kuma ba a so ya sauka ƙasa da rabi, don haka batir mai amfiya-awa 60 ne mafi ƙanƙanta. In wuta ta faɗi ƙasa da volt 11, mazaunin yakan yi ƙara ya tsaya. Janareta kusa da ƙafafun yana girgiza ƙasa.

A ido, wannan ƙaramar tana da daɗi a fage mai faɗi, ninki 24 da gilashin 25, kuma ita ta fi dacewa da masu neman jinjirin wata, amma a ninki 160 ta ƙure. Mai duban jinjiri ya jira rana ta faɗi gaba ɗaya kafin ya buɗe murfi. Leƙa rana ta kowace irin na'ura ba tare da matatar da aka yi don haka ba yana makantarwa nan take, kuma kada a bar ta a buɗe da rana inda yara suke.

Akwai ƙananan na'urori masu yin komai da kansu irin Seestar S50, baki milimita 50, suna tara hoto su turo waya. Suna da amfani ga mai son hoto ba wahala, amma babu wurin sa ido a jikinsu, duniyoyi kuma ƙanana suke fitowa.

A ganina, wanda bai taɓa mallakar na'ura ba ya fara da Dobson mai 200, ya ƙara gilashin leƙawa na 6, murfin saiti, jar tocila, da manhajar Stellarium mai nuna taswirar sama a waya. Ya ba idonsa minti 20 zuwa 30 a duhu, ya fara da wata a daren 7 ko 8 ga watan Musulunci, lokacin da inuwa ke fito da ramuka da duwatsunsa, ba daren 14 da haske ke shafe komai ba. Waya a bakin gilashin ma za ta ba shi hoton wata mai kyau. Mazaunin tsakiyar Birnin Kebbi, ko malamin da zai nuna wa aji guda, ko wanda Mushtari da Zuhalu ne burinsa, 8SE ta fi masa. Mai son gajimare a hoto kuwa ya sayi mazaunin tukuna, ya ɗora kyamarar da yake da ita da gilashinta na milimita 135 ko 200, ya koyi saitin arewa a kakar bana, bututun ya biyo baya. Kowanne aka zaɓa, a yi oda tun damina don kayan su iso kafin Oktoba, a buɗe kwalin a gaban mai kawowa, a haska madubi da gilashi da tocila a duba tsaga kafin a sa hannu a takarda.